Lamba Ɗaya, Mutum Bakwai

Gwangwanin tabar ya iso ne ranar wata Talata, lokacin da ƙanƙara ta fara narkewa, titunan garinsu da ke ƙasar Kanada suka koma kamar kunu. Lorne Haugen yana kwance a ƙarƙashin wata tarakta a garejinsa, sai matarsa Verna ta shigo tana tsallake taɓo, ta ɗora masa ƙunshin a kan ciki.

"Ga 'yar yawonku nan," in ji ta. "Bana ai ba shekararka ba ce. Me ya kawo ta?"

Tun bai kwance igiyar ba ya san abin da ke ciki. Lambar yabonsa ce ta yaƙi, ɗan gicciyen azurfa mai ƙyalle ratsi-ratsi. To amma "lambarsa" a takardar gwamnati ne kawai. A lokacin yaƙin duniya na biyu Lorne matuƙi ne na jirgi mai inji huɗu, irin waɗanda ke tashi daga Ingila su kai bama-bamai Jamus. Mutum bakwai ke cikin irin wannan jirgi, kowa da aikin da in ya yi sake duka a mutu. Amma al'adar sojan sama ita ce in jirgi ya yi abin kirki, ƙirjin matuƙi ake nema a liƙa wa lamba, sauran kuwa a ce musu sannu. Duk wanda ya tsara wannan, da gani bai taɓa zama a wutsiyar jirgi ba.

Ranar da aka sanar da lambar, suna zaune a wata mashaya a Ingila, Armand Bisson mai duba musu taswira ya buga teburi ya ce, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! A kawo zarto a yanka ta bakwai." Makaniken jirgin, wanda shi kaɗai ne Ba'ingilishi a cikinsu, ya ce shi ba zai tsaya yana kallo a yanka azurfar Sarki ba. Aka yi ta musu, har aka tsaya a kan karɓa-karɓa: kowa ya riƙe ta shekara guda, sannan ya aika wa na gaba, a bi yadda suke zama a jirgi, daga hanci zuwa wutsiya. Suka tafa a kai su shida. Ba wanda ya ce uffan game da shekara ta bakwai, don a lokacin mai wutsiya watansa guda ke nan a kabari.

Lambar kuwa, da ta iso hannunsu bayan shekara guda, ta sha yawo. Mai sakin bam da ita ya je ɗaurin aurensa. Makanike ya rataye ta a shagon kifin uwarsa, ta dawo Kanada tana ƙarni. Armand ya taɓa nuna wa wani ɗan sanda ita don ya bar shi ya wuce, ɗan sandan ya sara masa sannan ya kama shi. 'Yar mai rediyo a kanta ta yi haƙori, har yanzu da sawun a gefe guda. Yanzu ga ta daga hannun na shida, ɗan bindigar tsakiya, da 'yar takarda mai layi biyu: "Kyaftin, layi ya zo kan wutsiya. Ni ba zan iya ba, kai ne babba."

Mai wutsiya shi ne Wasyl Dutchak, ɗan bindigar baya, ɗan manoma 'yan asalin Yukren daga arewacin lardin Manitoba na Kanada. Shekararsa ashirin da ya mutu. Ubansa ya riga shi, sai uwarsa, Paraska, wadda har yanzu tana nan a gonarsu. Lorne ya rubuta mata wasiƙa sau ɗaya, layi huɗu, irin wadda aka ce kowane kyaftin ya rubuta. Ba ta ba da amsa ba. Shekara bakwai ke nan yana cewa zai je ya gan ta da zarar an gama shuka, in an gama shuka ya ce sai an yi girbi, in an yi girbi kuma hanya ta toshe da ƙanƙara. Gaskiyar magana tsoron tsohuwar yake ji, fiye da yadda ya taɓa jin tsoron bindigogin Jamus.

Ya fito daga ƙarƙashin taraktar yana goge hannu. "Gobe zan kai gidan waya. Zan sa wasiƙa mai kyau a ciki."

Verna ta dube shi daga sama har ƙasa. "Ka aika wa uwa ƙarfe a gwangwanin taba?"

"Ai haka muke yi da kowa."

"Kowa ɗansa ya mutu? Lorne, in ka kuskura ka kai wannan abu gidan waya, daga ranar kai ma ta gidan waya za ka riƙa samun abincinka. Zuwa da kai ya fi aike."

"Hanya ba ta biyuwa yanzu. Kin ga taɓon nan."

"Kai da ka dawo da jirgi daga Jamus da inji biyu, taɓo ne zai hana ka Manitoba? Na riga na buga wa Armand tarho daga gidan waya. Asabar yana nan tafe."

Ashe tun kafin ta shigo garejin ta buɗe ƙunshin, ta karanta takardar, ta ɗaure, ta gama shirinta. Lorne ya ci gaba da goge hannunsa. Shekara shida da aure sun koya masa inda ake tsayawa.

Armand ya iso da hantsin Asabar a wata tsohuwar mota mai tari, da keken ɗinki uku a kujerar baya, don yanzu sana'arsa ke nan, bin ƙauyuka yana sayar wa mata keke. Ya ƙara ƙiba, gashin kansa ya gudu, amma bakin yana nan yadda yake. Ya rungume Verna, ya sara wa Lorne da hannun hagu don tsokana.

"Kyaftin, jirgi a shirye. Inji ɗaya ne, shi ma rabi."

Suka kama hanya gabas. Kafin azahar mai duba taswira ya ɓatar da su sau biyu. Na farko suka tarar da kansu a harabar wani coci, na biyu a bakin wani tafki da babu shi a takarda.

"Kai ne fa ka riƙa kai mu Jamus," in ji Lorne.

"Jamus ƙatuwar ƙasa ce, Kyaftin, ko makaho ba ya kuskure ta. Kuma a sama babu mararraba."

Lorne ya yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Hannunsa yana aljihun kwat, a kan gwangwanin, leɓensa na motsi. Armand ya saci kallonsa.

"Addu'a kake yi ko haddar jawabi?"

"Zan gaya mata gaskiya, Armand. Duka."

Gaskiyar ita ce wannan. Wata safiya a watan Maris na shekarar ƙarshe ta yaƙi, sun saki kayansu a kan wata tashar jirgin ƙasa a Jamus, suna juyowa sai bindigogin ƙasa suka same su. Inji biyu suka mutu, birki ya tafi, wani ɓallin ƙarfe ya shiga ɗan kejin gilashin da Wasyl ke zaune ya same shi a cinya. Aka jawo shi ciki aka ɗaure raunin. Armand ya duba takarda ya ce akwai filin jirgi na mutanensu a Beljiyam, minti ashirin, amma titinsa gajere ne. Akwai kuma wani dogon titi a gaɓar Ingila da aka yi musamman don jiragen da suka ji rauni, sa'a guda da 'yan mintoci. Jirgi marar birki a gajeren titi, ko a sha ko a ƙone duka. Lorne ya zaɓi Ingila. Ya riƙe jirgin nan da ƙarfin dantse yana karkacewa, suna zubar da duk abin da hannu zai iya ɗagawa a teku don su rage nauyi, har ya sauke shi lafiya. Mutum shida suka fito da ƙafarsu. Wasyl ya cika suna hango gaɓa. A kan wannan zaɓi aka ba Lorne lamba, kuma a kansa yake kwana yake tashi.

"Da na sauka Beljiyam, da likita ya same shi da rai," ya ce.

"Ko kuma da an kwashe mu da shebur, mu bakwai." Armand ya kauce wa wani rami ya faɗa wani. "Ni na ba ka lissafin, Kyaftin. Makanike ya ce birki babu. Mai rediyo ne ya ɗaure ƙafar. In laifi ne, na mutum shida ne. Lamba ka yarda a riƙa zagayawa da ita, laifi kuwa ka ƙanƙame kai kaɗai shekara bakwai. Wannan ai rowa ce."

Suka kwana a wani ɗan masauki a bakin iyakar Manitoba, da safiyar Lahadi suka shiga yankin su Wasyl, inda kowane coci ke da ƙubba kamar albasa, hanya kuma ba ta san tsakuwa ba. Saura kamar mil biyu motar ta nutse har ƙofa. Suka tura, suka ja, suka sa reshe, Armand ya yi zagi da Faransanci, Lorne ya taimaka masa da na kakanninsa 'yan ƙasar Nowe. Wandon coci da Verna ta goge masa ya zama abin tausayi.

Can sai ga wani tsoho da dawakai biyu, sanye da farar riga mai ado a wuya. Bai tambaye su komai ba, ya ɗaura sarƙa, ya yi wa dawakan magana, motar ta fito kamar haƙorin da ya riga ya girgiza.

"Gidan Dutchak muke nema," in ji Lorne.

"Ba kowa a gida. Duk suna maƙabarta."

Gaban Lorne ya faɗi. Shi ke nan, ya yi ta jinkiri har tsohuwar ta mutu. Abin kunya kuma, a ƙarƙashin faɗuwar gaban ya ji wani ɗan sauƙi, ya kuwa tsani kansa a kai.

"Wa ya rasu?"

"Da yawa," in ji tsohon. "Amma ba yau ba. Ku biyo ni."

Ranar ita ce Lahadin da ke bin bikin Ista na cocinsu, ranar da suke kai wa matattu biki. Maƙabartar tana kan wani tudu bayan coci, cike maƙil. Kowane gida sun shimfiɗa zane mai ado a kan kabarin nasu, sun jera burodi da tsiran alade da ƙwai rinannu ja. Fada, limamin cocin, yana bi kabari-kabari yana yayyafa ruwa, mawaƙa na biye da shi, inda duk ya wuce sai a zauna a fara ci. Ana miƙa kwano ta kan gicciye, ana ƙwala wa juna kira, wasu tsofaffi biyu suna musu a kan farashin alkamar shekarar da babu wanda ya tuna da ita sai su. A cocin su Lorne ko tari mutum ya yi a maƙabarta sai an waiwayo an dube shi. Ya cire hula ya tsaya a bakin ƙofa ƙiƙam, taɓo har gwiwa.

Tsohon ya yi kira da harshensu. Wata mata ta miƙe daga can gefe, gajera, mai faɗi, da ɗankwali mai furanni da takalmin maza. Ta taho ba gaggawa, ta tsaya gabansu ta riƙe ƙugu.

"Wanne ne direban?"

Armand, jarumin banza, ya ja da baya ya nuna Lorne da yatsa.

"Na sani," in ji Paraska Dutchak. "Ina da hotonku a bango. Kai ne mai taswira, a hoton kana da gashi." Ta koma kan Lorne. "Kai kuma a hoton ka fi nama. Matarka ba ta dafa abinci?"

"Misis Dutchak, ni ne Lorne Haugen. Na zo ne in..."

"Ka zo. Na gani. Ba a magana da yunwa. Ku taho."

Ta kai su wurinta. Kabarin mijinta ne, da tudunsa, a gefensa kuma wani farin gicciye na itace mai sunan Wasyl, amma ƙasar gabansa a shafe take, ciyawa kawai. A kan ciyawar ta yi shimfiɗarta.

"Babu kowa a ƙasa," ta ce, da ta ga inda idonsa ya tsaya. "Yana can Ingila, an ce wurin da tsabta. Amma ai dole ya san inda zai same mu. Zauna, ba zai cije ka ba."

Suka zauna. Ta cika musu faranti har yana zuba. Armand ya sa hannu kamar wanda aka sako daga kurkuku, yana ci yana yabo, kafin a jima ya fara gaya wa maƙwabtan kabari amfanin keken ɗinki. Lorne kuwa ya ɗauki burodi ya ajiye, ya ɗauki cokali ya ajiye.

"Abincina ne bai yi maka ba?"

"A'a, Mama. Sai na faɗi abin da ya kawo ni."

Ta ɗauki ƙwai ja ta fasa a gwiwarta. "To faɗi. Ina ji."

Jawabin da ya haddace duk ya gudu. Ya faɗa mata yadda ya zo masa, a karkace, gaba a baya. Bindigogi, inji biyu, birki, gajeren titi da dogon titi. Ya ce minti ashirin, ya ce sa'a guda. Ya ce shi ya zaɓa, ba wani ba. Ya ce abin da ya rubuta mata cewa Wasyl bai sha wahala ba, ƙarya ce, ya sha, ko da yake daga baya barci ya ɗauke shi, kansa a kan cinyar mai rediyo. Ya ce kuma a kan wannan ne aka ba shi lamba. Armand ya daina tauna. Ita kuwa ɓawon ƙwanta kawai take ɓarewa, a hankali, tana tarawa a tafin hannu.

Da ya gama ta ɗago ta dube shi.

"Na tsane ka," ta ce. "Shekara uku cur. In zan yanka kaza, sunanka nake kira mata. Sai na ga kajina na ƙarewa, kai ko a jikinka, ga shanu na jiran tatsa. Sai na ajiye." Ta zubar da ɓawon a gindin gicciyen. "Ni ban san jirgi ba, keken doki na sani. Wanda ke riƙe da linzami shi ake zagi, na baya kuwa kowa gwanin tuƙi ne. Ba zan ce maka ka yi daidai ba, ba zan ce ka yi kuskure ba. Ba na wurin. In wannan ka zo nema, ga fada can, shi ake biya ya sani."

Lorne ya sunkuyar da kai. Ba abin da ya so ji ke nan ba, amma ya fi abin da ya zata nesa ba kusa ba.

"Ni tambayata daban ce," in ji ta. "Gwamnati ta rubuto ta ce jarumi ne. Kai ka rubuto ka ce mutumin kirki ne. Ni na haife shi, wa ya tambaye ku? Abu ɗaya nake son sani, ba wanda ya rubuto. Ya ci abinci ranar, ko da yunwa ya tafi?"

Muryarta ta ɗan karye a ƙarshe. Lorne ya ɗago. Duk tambayoyin da ya shirya wa amsa a shekara bakwai, wannan ba ta ciki, kuma ita kaɗai ce wadda ya san amsarta sarai.

"Ya ci, Mama. Ya ƙoshi. A Ingila lokacin ƙwai ya yi wuya, garinsa ake dama wa mutane. Amma duk ranar da za mu tashi, ana ba kowannenmu ƙwai na gaske guda ɗaya, soyayye, da nama da burodi. Ranar nan Wasyl biyu ya ci. Nasa da nawa."

"Naka?"

"Kullum haka ne. Tashi ashirin da takwas muka yi tare, bai taɓa cin ɗaya ba."

"Don me kake ba shi?"

Lorne ya dubi Armand, ya dubi ƙasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. "Don tsoro, Mama. Ranar tashi ko ruwa ba ya wuce mini wuya. In na bar ƙwan a faranti yarana za su gane, su ma su tsorata. Sai in tura wa Wasyl a ɓoye. Shi ya sani, bai taɓa gaya wa kowa ba."

Armand ya ajiye faranti. "Kai! Mu ce mana ka yi ƙwai na sa ka ƙuraje! Har tausayinka nake ji, mutumin banza!"

Paraska ta kalli Lorne, sai kafaɗunta suka fara rawa. Dariya ta ƙwace mata, irin mai fitowa daga ciki, har tana dukan cinya.

"Ya rubuto mini!" ta ce. "Ya ce, Mama, kar ki damu, direbanmu ba shi da na biyu wajen kyauta, kullum sai ya ba ni ƙwansa. Ni kuwa har kyandir na kunna maka a coci. Ashe ba kyauta ba ce, ciki ne ya ɗuri ruwa!" Ta juya ta ƙwala wa maƙwabta kira da harshensu, tana nuna shi. Maƙabarta ta ɗauki shewa, tsohon nan mai dawakai ya taso takanas ya buga wa Lorne baya. Lorne kunnensa ya yi ja, amma shi ma dariyar yake yi, bai san lokacin da ta kama shi ba. Ita kuwa tana dariyar hawaye na zuba, ba ta goge ba, ta bar su suka gama abin da suka zo yi.

"Ƙwai biyu," ta ce a hankali, tana duban gicciyen. "Makwaɗaici. To madalla."

Ta kamo hannun Lorne ta danƙa masa ƙwan da ta ɓare. "Wannan nasa ne. Ci. Yau ba tashi za ka yi ba."

Ya ci. Ya wuce lafiya, har ya ji yunwar kwana biyu ta taso masa gaba ɗaya, ya jawo farantin. Sai da ya share rabi sannan ya tuna da gwangwanin. Ya fito da shi, ya buɗe, ya yi mata bayanin karɓa-karɓar, daga hanci zuwa wutsiya, da yadda bana shekarar Wasyl ce.

Ta juya lambar gaba da baya, ta shinshina, ta sa farce a sawun haƙoran. "Wa ya ciji wannan?"

"'Yar mai rediyo."

"Tana da haƙora masu kyau." Ta auna ta a tafin hannu. "Ba nauyi. Na zaci abin da aka ba mutum a kan ɗana zai fi haka nauyi." Ta naɗe ta a hankici ta cusa a ƙirjin rigarta, ta miƙa wa Armand gwangwanin ta ce ya zuba allurai. "To, shekara guda. In ta cika, wa zan ba?"

"Sai a koma hanci, Mama. Mai sakin bam, yana can bakin teku. Zan rubuta miki adireshinsa, ki kai gidan waya kawai."

"Gidan waya!" Ta yi tsaki. "Takarda biyu gidan waya ya taɓa kawo mini da hatimin gwamnati, ta farko ta ɗauke shi, ta biyu ta ce ba zai dawo ba. Ba na hulɗa da su. Wanda ya kawo kaya da ƙafarsa, da ƙafarsa zai zo ya karɓa. Baɗi war haka, nan wurin. Ka zo da matar, in ga wadda ke barin ka da yunwa. Ka zo da mai rediyo, ina da magana da shi. Ku zo duka, ku shida, har da Ba'ingilishin, in yana cin abincin mutane."

"Mama, wasu suna da nisa ƙwarai," in ji Armand. "Kuma mu shida ci gare mu. Za mu cinye ki."

"Ku cinye." Ta miƙa hannu ta gyara gefen zanen da iska ta naɗe a kan ciyawar. "Shekara bakwai ina yi wa mutum ɗaya shimfiɗa, ba ya zuwa. Bari in yi wa waɗanda za su zo."

Lorne ya so ya yi magana, bakinsa cike da burodi, idonsa cike da ruwa. Sai ya gyaɗa kai kawai, ya sake gyaɗawa, ita kuwa ta ƙara masa nama.